Mai Karanta wa Janar Littafi

Litinin, bayan magariba

Yau na fara sabon aikin, kuma tun yanzu na tsane shi. Makon jiya Oga Saleh ya kira ni ofis ya ce, "Sa'adiya, ke kaɗai ce mai jin Faransanci a ɗakin karatun ma'aikatar nan, don haka an ba da aron ki." Aro, sai ka ce tabarma. Wanda aka ara wa ni shi ne Janar ɗin nan da mutanen ƙasarsu suka kora bara, aka ba shi mafaka a wani gida kan hanyar Kwali. Ba zan rubuta sunansa ba. Kowa a gidan Janar yake ce masa, ni ma haka zan ce.

Mota ta ɗauke ni daga Mararaba da sassafe. Muka ratsa gari, ko'ina gini, ko'ina tifa da siminti, kowa da sabuwar waya a kunne yana ihu. A bakin get wani dogon mutum mai suna Badaru, shugaban masu tsaron da suka biyo shi daga can, ya karɓe tawa wayar ya jefa cikin kwali.

An ce ranar da Janar ya gudu, matansa ya bari a filin jirgi don akwatunan littattafai sun cika jirgin. Da na ga ɗakin na yarda. Tun daga ƙasa har silin, na Turanci da na Faransanci: likitanci, kiwon doki, haƙar rijiya, dafin maciji, yaƙi. Babu na labari ko ɗaya. Ya ce mai rubuta labari maƙaryaci ne da ya samu injin buga takarda.

Ɗan tsoho ne da jallabiya da silifa. Idon hagu ya tafi tun juyin mulkinsa na farko, na dama kuma yanar ido ta rufe shi, haske kawai yake gani. Hausarsa ta kasuwa ce, wai wajen uwarsa ya koya. Aikina in zauna gabansa in karanta da ƙarfi daga hantsi zuwa azahar. Iyakacinsa ke nan, in ji Oga Saleh.

Laraba, da la'asar

Na gane tsarin kantocin. Na dama na littattafan da ya gwada ya ga gaskiya suka faɗa. Na hagu na waɗanda ba a gwada ba tukuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ƙarya fa?"

Ya ce, "An yanke musu hukunci."

Na zaci wasa ne, har yau da na ga hukuncin da idona. Wani littafin kiwon kaji ne ya yi alkawarin da bai cika ba. Badaru ya fita da shi tsakar gida, ya jingina shi da katanga, ya ja baya ya ɗirka masa harsashi. Takardu suka tashi kamar gashin kaza, aka tattara aka ƙone. Dariya ta ƙwace min. Ni kaɗai na yi ta.

Janar ya juyo da fuskarsa wajen da nake. "Bakin mutum yana juyawa, Malama. Na ga minista ya rantse da safe ya warware da rana. Abin da aka buga a takarda ba ya gudu, dole ya tsaya a gwada shi. Shi ya sa na fi yarda da shi a kan mutane."

Juma'a, bayan masallaci

Kare ne.

Jiya na karanta babin dafin kububuwa. Yau na tarar an samo macijin, an ɗaure kare a gindin mangwaro an sa ya sare shi, Janar zaune kan kujera yana sa Badaru ya faɗa masa abin da ke faruwa. Ya sa na sake karanta shafin a kan kukan karen, don a ga ko marubucin ya jera alamun daidai. Ya jera. Jini ta dasashi, jini ta hanci. Littafin ya koma kantar dama.

Karen na Mato ne, mai kula da lambun gidan. Dattijo ne, manomi, ɗan asalin wurin. Filin da aka gina gidan na kakanninsu ne, katanga ta haɗiye gonar doyarsa da kabarin ubansa, sai aka ce ya zauna ya riƙa ban ruwan fulawa. Ya ɗauki karen a kafaɗa ya yi bayan gida da shi.

Ni na karanta shafin. Da bakina.

Asabar, da hantsi

'Yata Hafsah ta ce, "Mama, karanta min littafin kifi." Na daka mata tsawa. Yarinya 'yar firamare, me ta yi min?

Talata, bayan magariba

Ran Juma'ar nan, bayan karen, Janar ya sa na fara wani tsohon littafi na wani likitan sojan Faransa a kan ƙishirwa a hamada. Na karanta na tafi gida na yi hutun ƙarshen mako, har gyaran gashi na je.

Jiya ban ga Mato ba. Yau aka buɗe ɗakin janareta aka ja shi waje ta ƙafa. Tun ran Juma'ar yake ciki, ba ɗigon ruwa, ga zafin inji. Leɓensa ya tsage, harshe ya kumbura ya cika baki, yana fitar da wani sauti da ban taɓa ji daga mutum ba. Janar ya tsuguna ya sa yatsa cikin bakinsa ya latsa harshen, ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ya faɗa. Harshe kafin hankali. Malama, kantar dama."

Na ɗora shi a kantar dama. Ko jinkiri ban yi ba, shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

Laraba, da rana

Na je ofis na samu Oga Saleh. Ya rufe ƙofa, ya ƙure ƙarar rediyo, ya ce, "Sa'adiya, wannan maganar ta fi ƙarfina, ta fi ƙarfin wanda ke sama da ni. Baƙo ne na manya. Ki karanta ki dawo gida. Ba ki ga komai ba, please."

Na ce to a canza ni. Ya ce zai duba. Na san wannan dubawar, shekarata nawa a ma'aikatar nan.

Alhamis, da yamma

Da Badaru zai miƙo min waya a bakin get ya ce, "Madam, makarantar Hafsah ɗin nan tana da kyau. Sai dai mai gadinsu barci ne da shi."

Ban taɓa faɗa wa kowa a gidan sunan 'yata ba.

Litinin, bayan la'asar

Mato ya tashi. Na same shi bayan gida yana gyara sandunan doya, yana tafiya kamar mai koyon tafiya. Na ce, "Baba Mato, ka gudu. Kai ba a tsare ka a get, ka fita kar ka dawo."

Ya ce, "Anti, doya bai nuna ba. In na tafi yanzu, matata Hansatu da jikoki su ci mene? Irin shekara mai zuwa ma yana cikin ƙasa. In ya nuna, ni na tone, ni na tafi." Sannan ya ce, "Wane littafi za ka karanta gobe?"

Ashe ya sani. Duk gidan sun sani, har mai dafa abinci. Kowace safiya bakina suke kallo.

Talata, bayan magariba

Yau Janar ya ce a ɗauko littafin ɗori. Na buɗe, na ga zanen ƙashin ƙafa a karye, da bayanin tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya haɗe idan an karya shi a nan ko a can. Na ɗaga kai na hango Mato ta taga. Na ga Badaru a bakin ƙofa, na san akwai guduma a ɗakin janareta.

Ban karanta abin da ke shafin ba.

Ban shirya ba, wallahi, bakina ne ya tafi da kansa. Da Faransanci mai kyau, da muryar littafi, na ce marubucin yana cewa ba a sanin ƙarfin ƙashi sai an ciyar da mutum romon ƙashi da nama kullum har wata ya zagayo, a hana shi aiki mai nauyi, sannan a auna. Ina yi ina juya shafi a inda ya kamata. Badaru bai iya Faransancin littafi ba, na bariki kawai ya sani.

Janar ya ce, "Abin sha'awa. A gwada."

Alhamis, da yamma

Mato yana shan farfesu da sunan gwaji. Yau na gan shi gindin mangwaro da kwano, yana tsotsar ɓargo yana kallon get kamar wanda za a kama da sata. Na shiga banɗaki na yi dariya har hawaye, daga nan kuma dariyar ta koma wani abu.

Laraba, bayan magariba

Na ƙware. Babin ƙuna na mai da shi na shafa man kaɗanya. Babin rashin barci na mai da shi na yawan barci. Littafin yadda ake sa fursuna ya yi magana na juye shi kaf, na ce marubucin ya gano taba da shayi sun fi bulala. A nan Janar ya yi tsaki ya ce wannan bai san aiki ba, ya sa aka harbe littafin. Allah ya ji ƙan marubucin, shi dai muguntarsa tsaf ya rubuta.

Gaskiya ina jin daɗi. Mutumin da ƙasa guda ta yi shekaru tana rawar jiki in ya yi tari, ga shi ina ja da shi da baki kamar akuya. Mato ya yi kumatu, doyarsa ta fara tsaga kunya.

Juma'a, da rana

Za a yi wa Janar aikin ido.

Shi ya faɗa min, yana murmushi. Wani likita a wani asibitin kuɗi cikin gari zai cire yanar ran Talata. Ya ce, "Ni littafi sau biyu nake karanta shi, Malama. Sau ɗaya da kunne ba karatu ba ne. Duk abin da kika karanta min zan sake bi da idona, daga na ɗori zan fara." Sai ya karanto min jimlar romon ƙashi, kalma bayan kalma, yadda na ƙirƙire ta. Ni da na yi ta na manta rabinta.

In ya gani, ƙafar Mato ce farko. Sauran babobin kuma suna nan suna jira.

Asabar, da yamma

Na koma wa Mato da maganar, don ran Asabar ma an kira ni. Ya tona kunya ɗaya ya nuna min. Ya ce, "Saura kaɗan, Anti. In na cire yanzu, ruɓewa zai yi." Na ce ƙafarka ko doya? Ya ce, "Ƙafa ba ya cika ciki." Na ji kamar in shaƙe shi.

Talata, da azahar

An yi. Likita ya ce ya yi kyau.

Laraba, bayan magariba

An dawo da shi gida da bandeji. Likitan ya biyo shi, matashi ne mai yawan magana, ya tsaya yana bayani. Janar ya katse shi ya ce, "Akwai shi a rubuce?" Likita ya ce akwai takardar asibiti a cikin ledar magani. Ya ce, "To, tafi. Ba na son baki." Aka raka likita mota.

Ya miƙo min takardar ya ce in karanta.

Na karanta yadda ake ɗiga magani, daidai. Kar ruwa ya shiga, kar a murza, daidai. Kar a yi karatu sai ido ya huta, daidai. Can ƙasa akwai wasu layuka da manyan baƙaƙe, an zagaye su da ja: in ido ya yi zafi mai tsanani, ko ya yi ja, ko gani ya fara dusashewa, a garzaya asibiti nan take, kar a kwana.

Abin da na ce masa shi ne zafi da ja da dusashewa alamar warkewa ce, a daure, kar a dami likita sai mako ya cika.

Ban san ko idon zai yi wani abu ba. Yawanci ba ya yi. Na dai buɗe ƙofa ne na bar ta a buɗe. Da bakina.

Alhamis, da hantsi

An cire bandeji. Yana gani. Ya kalle ni ya ce, "Ashe ke baƙa ce. Muryarki ta farar mace ce." Ya zagaya kantoci yana shafa littattafai kamar mai duba sojoji. Bai buɗe ko ɗaya ba, takarda ta hana.

Asabar, bayan la'asar

Idon ya fara ja.

Na yi salla na ɗaga hannu, na rasa abin da zan roƙa, na sauke.

Litinin, bayan magariba

Idon ya kumbura ya rufe, wani ruwa mai kauri yana bin kumatunsa. Yana zaune ya cije tawul, gumi ya jiƙa jallabiya. Badaru ya tsuguna ya ce, "Ranka ya daɗe, a bari in kira likita." Janar ya lalubo ƙaton littafin haƙar rijiya ya kwaɗa masa a baki. Na ji ƙarar haƙori. Badaru ya tofar da jini a tafin hannu, bai tashi daga tsugunen ba.

"Takarda ta ce a daure. Kai ka fi takarda sani? Malama, sake karanta masa."

Na sake karantawa, yadda na faɗa ran Laraba, ban canza ko kalma ba.

Ba zan yi ƙarya a nan ba, tun da nan ne kaɗai ba na yi. Na ji tausayinsa. Tsoho yana nishi kamar ɗan yaye, yana dauriya saboda maganata. Na tuna harshen Mato, tausayin ya ragu, amma bai tafi duka ba.

Talata, da yamma

Mato ya fara tono. Matarsa Hansatu ta zo da wasu mata, suna ɗaukar doya a kafaɗa irin nasu, suna fita ta ƙaramar ƙofa. Ba wanda ya kula su, hankalin masu tsaro duk yana kan nishin da ke fitowa daga ɗaki. Ya ce min gobe zai ƙarasa.

Laraba, da sassafe

Na kai Hafsah tashar Mararaba na damƙa ta hannun ƙanwata Sumayyah, Zariya za su. Sumayyah ta ce, "Yaya, ki shigo mana, ga wuri." Na sa ƙafa ɗaya a motar na cire. In ban je aiki yau ba Badaru zai farga, zai rufe kowace ƙofa, kuma Mato yana ciki. Yau kaɗai. Gobe zan bi su.

Hafsah ba ta yi kuka ba. Biskit ɗinta take ci.

Laraba, bayan la'asar, a ɗakin littattafai

Mato ya fita da azahar. Ya tsaya kan kabarin ubansa ya yi magana da harshensu, ya ɗauki buhun iri ya wuce. Bai waiwayo ba, kuma na ji daɗin haka.

Bayan fitarsa kaɗan likita ya iso, don mako ya cika. Ya buɗe idon da yatsa biyu, ya yi salati. Ya manta wanda yake magana da shi, ya hau faɗa: "Me ya sa ba a kira ni ba? Idon ya mutu! Ai an rubuta, ga shi nan da ja!"

Janar ya ce, "Karanta min."

Likita ya karanta, da Turancinsa mai sauri, layukan nan da aka zagaye. Ina tsaye jikin kantar hagu. Janar ya ce ya sake, ya sake. Sannan ya sa shi ɗauko littafin ɗori. Likitan bai iya Faransanci ba, amma zane ba ya buƙatar tafinta, ya faɗa masa abin da ya gani.

Aka sallami likita. Janar ya jingina da kujera. Da ya yi magana, muryarsa a sanyaye take, har da ɗan jin daɗi.

"Ashe littafi bai taɓa yi min ƙarya ba. Na harbe marar laifi, Malama. Ina mai lambu?"

Badaru ya ce ya tafi.

"To, wa ya rage?"

Ya juyo da fuskarsa wajena. Ya ce a ɗauko babban littafin aikin ido, na Turanci, daga kantar hagu. Ya ce yau ba zan koma gida ba.

Alhamis, da hantsi

Tun bayan sallar asuba nake karantawa. Badaru yana tsaye bayana da kumburarren baki, yana bin layi da yatsa don ya iya Turanci, in na yi sauri ya danna min kafaɗa. Daidai na karanta, kalma bayan kalma. Yadda ake riƙe fatar ido kar ta rufe. Inda ake fara yanka. Janar ya tsayar da ni wuri biyu ya yi tambaya, na amsa masa. Ya ce karatuna ya fi daɗi in gaskiya nake faɗa.

An tafasa ruwa a kicin. An shigo da teburin guga an shimfiɗa masa farin zane.

Ya ce kafin a fara a kan idona in zaɓi abin da zan kalla na ƙarshe, wai shi ba a ba shi zaɓi ba, kuma abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Na ciro hoton Hafsah daga jaka, na makaranta, wanda aka ɗauka farkon zango. Na kai shi bakin taga inda haske ya fi.

Hijabinta ya karkace gefe guda, kunnenta na dama a waje. Ni na saka mata shi ranar, ina sauri kar motar ofis ta wuce ni, ban lura ba sai yanzu.